Rabin Maganar Malam

Mata kan ce mini na more, wai na auri mutumin da ya iya magana. Masu faɗin haka ba su taɓa yin faɗa da Malam ba. Ni na yi, shekara da shekaru, kuma babu abin da ya fi ƙona rai irin mutum ya taso da fushinsa ya zazzage wa miji, shi kuma ya gyara zama ya ce, "Bari in ga ko na fahimce ki." Sai ya ɗauki maganata ya maimaita mini ita, ya gyara mata tsari, ya ƙara mata hujjar da ni ban ma tuna da ita ba, har sai na ce, "E, haka nake nufi." Sannan ya kawo tasa. Kafin ya kai ƙarshe miya ta kama, fushin ya huce, ni kuma ban samu na yi faɗan da na yi niyya ba.

Sana'arsa ke nan, ba wai iya shege ba. A jami'a yake koyarwa a nan Jos, fannin balaga da fasahar magana: yadda ake gina hujja, yadda ake shawo kan taro, da haƙƙin kowane mutum na faɗin albarkacin bakinsa. Kakansa wankin kuza ya kawo shi garin nan, mahaifinsa tela ne, shi kuma a zaure ya fara karatun balaga da littattafan Larabci kafin boko ya ja shi har ƙasar waje ya dawo da digirin dakta. Ni malamar firamare ce. Na sha gaya masa cewa aikina ya fi nasa wuya, domin shi manya yake koya wa magana, ni kuwa yara nake koya wa yin shiru.

Zamanin soja ne sunansa ya fara fita. An rufe wata jarida, jaridar da shi kansa yake cewa rabin abin da take bugawa ƙarya ne, amma ya tashi a ɗakin lakca ya ce gwamnati ba ta da ikon rufe bakinta. Suka zo har ofis suka tafi da shi. A lokacin ina da tsohon ciki. Suka ce ya fito a rediyo ya janye maganar a sake shi, ya ƙi. Da suka gaji suka sako shi, ya dawo a rame, da tari da kwarkwata a riga. Na yi alfahari da shi, ban ɓoye ba, amma na kuma ji haushinsa, domin ni kaɗai na san yadda na kwana na tashi a makonnin nan. Daga baya aka ba shi farfesa, ya samu fili a gidan rediyo duk mako, ya rubuta littattafai waɗanda har yau ban karanta ko ɗaya zuwa ƙarshe ba. Me zan karanta? A kan tabarmar cin abinci na riga na ji su duka.

Yana da doka ɗaya a ajinsa, wadda ɗalibai suke kira musayar kujera. Ba ka da izinin mayar wa mutum martani sai ka tashi ka koma kujerarsa, ka yi magana da bakinsa, kana cewa "mu" kamar kai ne shi, ka kare ra'ayinsa har shi da kansa ya yarda ka faɗa daidai. Bayan nan ka dawo kujerarka ka rushe abin da ka gina. Lokacin da garin nan yake lafiya, wasa ne mai daɗi. Da aka fara rikice-rikice, unguwanni suka rabu, kasuwanni suka rabu, abokan aikinsa Kiristoci da muke cin tuwon salla da shinkafar Kirsimeti tare suka kwashe suka koma can, namu da ke can suka dawo nan, sai abin ya daina zama wasa. Ya riƙa sa ɗan Bahaushe ya kare maganar 'yan ƙasa, ya sa 'yar fasto ta kare maganar jikokin masu kuza. Iyaye suka yi ƙorafi, shugaban sashe ya kira shi ya ce ya sassauta. Ko a jikinsa. Ya ce ajinsa ne kaɗai wurin da ya rage a Jos inda mutum yake jin maganar ɗaya ɓangaren ba daga bakin mai zuga ba.

A Rikkos muke zaune, katangarmu ɗaya da Alhaji. Alhaji katako yake sayarwa a kasuwar Katako, mutum ne mai jiki da dariya, kullum da garin katako a hularsa. Shi ya ƙera bencin da maza suke zama a ƙofar gidansa bayan la'asar, kuma a kan bencin nan shi da Malam suka yi gardamar shekara kusan talatin: siyasa, ƙwallo, ganin wata, har da wace unguwa ta fi iya masa. Alhaji ba ya yarda an kayar da shi. Idan hujja ta ƙare masa sai ya ce, "Farfesa, turanci ne ya yi maka yawa," kowa ya fashe da dariya. Lokacin da soja suka tafi da Malam, Alhaji ne ya rufe rumfarsa ya bi bariki-bariki har ya gano inda yake. Matarsa kuwa, Yaya nake kiranta, ita ta karɓi haihuwata.

Babban ɗan Alhaji a hannun Malam ya yi karatu. Malam yakan ce bai taɓa samun ɗalibin da ya iya musayar kujera kamarsa ba. Ya gama, ya samu aikin koyarwa a wata sakandare a bayan gari, ya yi aure, matarsa ta samu ciki. Wata rana rikici ya tashi yana hanyar dawowa daga aiki, matasa suka tare hanya, suka tsayar da motar da yake ciki. Ba zan faɗi sauran ba. Da yamma aka kawo shi a bayan motar a-kori-kura, an rufe shi da tabarma.

Ranar sadakar uku an kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji, maza sun cika tabarmi. Mu mata muna ciki, ina tsugune kusa da zaure ina zuba shinkafa a faranti. Tun da abin ya faru Alhaji bai ce komai ba sai amin. Can sai na ji muryarsa, a dishe, ya ce:

"Farfesa, wai me mutanen nan suke so da mu?"

Duk macen da ke tsakar gidan nan ta san wannan ba tambaya ba ce. Kuka ne irin na namiji wanda ba zai zubar da hawaye a gaban jama'a ba. Amsarsa ita ce, sai haƙuri Alhaji, Allah ya jiƙansa. Jahilin ƙarshe a rumfar nan ya san haka. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da cewa balaga ita ce magana ta dace da wuri da halin masu saurare, shi kaɗai ya ji tambaya. Na ji ya yi gyaran murya, sannan ya ce, "Bari mu fara da abin da su za su ce."

Malam ba ya bukatar lasifika, har ƙuryar ɗakin Yaya ana jinsa. Ya koma kujerarsu kamar yadda ya saba a aji. Ya ce, kakanninmu suna kan duwatsun nan tun kafin a san kuza. Bature ya zo ya ƙwace mana gonaki, ya kwaso ma'aikata daga ko'ina, ya tafi ya bar mana ramuka cike da ruwa suna cinye mana yara da awaki. Ya ce, 'yan'uwanmu da ke zaune a garuruwanku na arewa an haife su can, sun tsufa can, amma filin coci gagararsu yake yi. Ya ce, ku kuna da wasu garuruwan da ake jin harshenku, mu nan kaɗai muke da shi, kuma muna tsoron mu wayi gari baƙi a cikinsa. Ya ce, mu ma ana shiga ƙauyukanmu, mu ma muna binne namu.

Wallahi ban taɓa jin ya yi magana mai kyau irin ta ranar ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Muryarsa ko rawa ba ta yi. Na buga murfin tukunya da gangan, na yi tari, na tashi na tsaya a bayan ƙofar zaure ina jin kamar in kutsa cikin maza in toshe masa baki. Masu zuwa gaisuwa a makare suka tarar da Bahaushe, Musulmi, a zaman makokin wanda aka kashe, yana cewa "kun zo kun same mu." Ni na san inda ya dosa. Na san zai ce "amma", ya dawo kujerarsa, ya rushe maganar tun daga tushe. Ya ja numfashi zai faɗa ke nan ladan ya kira la'asar. Alhaji ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki buta. Kowa ya miƙe. Yaya ta dube ni daga inda take zaune, ta sauke kai.

Babu wanda ya taɓa lafiyar Malam. Wani lokaci nakan ce da sun jefe mu da duwatsu da ya fi sauƙi, a yi a gama. Benci ya bar ƙofar gidan Alhaji ya koma wani lungu. A masallaci ana haɗa kafaɗa da shi tunda dole ne, amma bayan sallama hannu ba ya zuwa gare shi. Idan ya yi sallama a amsa a taƙaice, idan ya tsaya a hira sai kowa ya tuna yana da uzuri. A da duk unguwa shi ake sawa gaba idan za a je neman aure ko sulhun ma'aurata, domin an ce idan Malam ya yi magana uban yarinya ba ya iya cewa a'a. Aka daina zuwa. Ni ma na samu rabona. A gidan suna wata ta ce, "A matsa wa matar mai gaskiya," aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce mata gaskiyar ba ta kai nauyin bakinta ba, na ɗauki mayafina na fito, amma a hanya kuka na yi.

Ya je wurin Alhaji, ba sau ɗaya ba. Alhaji ya karɓe shi a tsaye a zaure, ya saurari ban haƙurin, ya ce, "Ba komai." Malam ya ce, "Alhaji, ai ban ƙarasa ba, rabin maganar ka ji." Alhaji ya ce, "Ba komai, Malam," ya shige gida. Wanda ya san mutanenmu ya san irin wannan ba komai ɗin.

Sai liman da dattawan unguwa suka zo gida. Ina jin su daga kicin. Suka ce mafita ɗaya ce: bayan sallar magariba ya tashi a masallaci ya ce sharrin shaiɗan ne, abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne, ya janye.

Malam ya ce, "Allah gafarta malam, zan tashi in ce na yi kuskuren rana da wuri, in nemi gafarar kowa. Amma ba zan ce ƙarya na yi ba. Abin da suke faɗa ke nan, kuma akwai gaskiya a cikin wani sashensa. Ku ba ni dama in faɗi sauran, za ku ga inda na tsaya."

Liman ya ce, "Malam, ba lakca muka zo nema ba. Kalma ɗaya ce."

"Soja ma kalma ɗaya suka nema," in ji shi.

Da suka fita na fito masa a fusace. Na ce liman ne soja? Alhaji ne soja? Mutumin da ya bi bariki yana nemanka? Ka ce ƙarya ka yi mana, wa zai mutu? Ya gyara zama ya ce, "Bari in ga ko na fahimce ki." Na ce wallahi idan ya maimaita mini maganata yau a gidan yayana zan kwana. Bai maimaita ba, amma bai je masallacin ya janye ba. Har yau ina ganin taurin kai ne, kuma har yau na san da ya janye da ba shi ba ne mutumin da na aura. Dukansu biyun suna cikin raina, ba su taɓa sasantawa ba.

Labari ya ƙetara can ɓangaren, kamar yadda labari yake yi a garin nan. Aka gayyace shi taron zaman lafiya a wani otal a Rayfield, har da aiko da mota. Na ce sai na bi shi, don na daina yarda ya fita shi kaɗai da bakinsa. Manyan ma'aikata, limaman coci, masu unguwanni, ga ruwan roba a kan kowane tebur. Shugaban taron tsohon abokin aikinsa ne, ya tare ni da fara'a ya ce, "Madam, mijinka jarumi ne fa. Ya faɗi gaskiya a gaban mutanensa, ba tsoro." Na yi murmushin dole. Sun zaci zai maimaita musu abin da ya faɗa a rumfa.

Ya tashi ya ce rabin farko sun riga sun ji labarinsa, yau ga rabi na biyu. Ya ce kakansa da mahaifinsa a ƙasar nan aka binne su, shi nan aka yanke masa cibiya, kuma ba shi da wani gari da zai koma wanda za a gane shi. Ya ce titunan da suka biyo zuwa taron nan da gumin kakanninmu ma aka shimfiɗa su. Ya ce ɗansa ya nemi takardar zama ɗan jiha an ce ya koma garinsu, alhali garinsu shi ne inda ofishin yake. Ya ce abin da aka yi wa ɗan'uwanka a wani gari ba ya ba ka ikon yi wa maƙwabcinka irinsa a nan. Ya bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda shi da kansa ya gina, ya warware su. Da ya gama aka tafa kaɗan, irin tafin da ake yi wa yaron da ya yi waƙa ba daɗi. Motar da ta kawo mu aka ce ta tafi wani aike. A bakin titi muka tsaya muka tari tasi.

Haka kowane ɓangare ya ji rabin da zai ɓata masa rai, babu wanda ya ji duka. Ba a sake gayyatarsa taro ba, nan ko can. Gidan rediyo suka ce an canza tsarin shirye-shirye. A aji ɗalibai suka fara ƙin tashi daga kujerunsu. Wani ya ce masa, "Oga, kai ma ka ga abin da ya same ka, mu kuma unguwa za mu koma." Malam ya dawo gida ya gaya mini wannan yana dariya, ya ce yaron ya kawo hujja mai ƙarfi. Ban taya shi dariyar ba. Da lokacin ritaya ya yi aka yi masa ɗan ƙwarya-ƙwaryar biki, aka ba shi agogon bango. Dokar musayar kujera ta bi shi gida, wanda ya gaje shi bai ci gaba da ita ba.

Duk wannan bai dame shi kamar Alhaji ba. Jami'a, rediyo, Rayfield, ya ce duk su tafi. Abin da yake so shi ne mutum ɗaya ya ji sauran maganar, ya san cewa amininsa bai tsaya da waɗanda suka kashe masa ɗa ba. Bayan karin kumallo sai ya fito tsakar gida, ya goya hannu a baya, yana kai da komowa a gindin katangar da ta raba mu da su, yana bitar rabi na biyu. Yau ya cire wannan, gobe ya ƙara wancan. Wani lokaci ya ɗaga murya fiye da kima, na san yana fatan ta tsallaka. Alhaji kuwa tun sassafe ya tafi Katako. Ni da kaji ne muke sauraro. Na haddace ta tsaf ba don ina so ba. Ina kallon mutumin da ɗakin lakca yake cika har taga don a ji shi yana yi wa bulo jawabi, tausayi ya kama ni, haushi ya kama ni. Cikin da matar marigayin take da shi aka haife shi, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara zuwa makaranta, Malam yana nan yana gyara magana.

Sai ciwon suga ya ci ƙarfin Alhaji, idanunsa suka fara dushewa. Ya bar rumfa ga ƙannensa, ya sayar da gida, zai koma Bauchi kusa da 'yarsa. Ranar tashinsu da hantsi babbar mota ta gama lodi, Yaya ta shigo muka rungume juna muka yi kuka, domin ni da ita ba mu taɓa yanke gaisuwa ba, sai dai maganar nan ba mu taɓa taɓa ta ba. Ta fita ba jimawa na ji sallama a zaure. Muryar Alhaji ce. Rabonsa da gidanmu tun kafin rasuwar.

Malam ya shigo da shi falo. Na kawo ruwa, na gaishe shi, na koma bayan labule na tsaya. Alhaji ya zauna a bakin kujera, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Ya ce, "Malam, yau zan bar garin nan, kuma ban ga alamar zan dawo ba. Ka ce akwai sauran magana. Ga ni."

Na ce alhamdu lillahi a raina. Na fara motsa baki da kalmomin farko, don na san su. Malam ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Alhaji." Sai ya tsaya.

Na jira. Ina hangen gefen fuskarsa ta tsagar labule, bakinsa a buɗe kaɗan, idonsa a kan Alhaji. Ya sake cewa, "Alhaji," ya sake tsayawa. Na damƙe labulen nan kamar zan yage shi. A raina ina ta ihu, ka faɗa mana, kakanka da mahaifinka, cibiya, tituna, ka faɗa! Shiru. Alhaji bai gaggauta shi ba, ya ba shi lokaci fiye da yadda kowa zai bayar. Ya ɗauki ruwan ya kurɓa, ya ajiye. A waje direba ya danna ham.

Alhaji ya ce, "To." Ya dogara sanda ya miƙe. "Na ji. Mu yafi juna, Malam." Ya laluba ƙofa ya fita.

Na banko labule. Ban san da wace murya na yi magana ba. Na ce shekara nawa kana yi wa katanga wa'azi, yau mai katangar ya zo da ƙafarsa ka zama kurma? Malam bai ɗago ba. Hawaye ne suke bin gemunsa, abin da ban gani ba ko ranar da ya dawo daga hannun soja.

Ya ce, "Duk abin da na shirya amsa ce ga maganarsu. Ƙasa, tarihi, takarda. Na duba daga farko har ƙarshe, yaron ba ya ciki. Idan kuma na sa shi a ciki, na mai da shi hujja. Ɗalibina ne. Ban taɓa zama na yi kukansa tare da ubansa ba."

Na ce, "To tashi ka gaya masa wannan! Wannan ɗin ita ce maganar!"

Ya yunƙura kamar zai tashi, ya koma ya zauna. Na ja mayafi na fita a guje, takalmi ɗaya nawa ɗaya nasa. Matar aure da jikoki tana gudu a layi tana kiran mijin wata, duk unguwa suna kallo, ban damu ba. Na samu Alhaji an buɗe masa ƙofar ƙaramar mota, Yaya tana ciki da jikansu.

Na ce, "Alhaji, don Allah tsaya. Ba rasa amsa ya yi ba, wallahi yana da ita, ni na haddace ta. Kuma ba da su yake ba, bai taɓa zama da su ba. Abin da ya hana shi magana shi ne..."

Ya ɗaga hannu. Ba da faɗa ba, a hankali, ya juyo da idanun nan da ba sa gani sosai wajen da muryata take.

"Malama, na gode. Amma ba daga bakinki na zo ji ba."

Ya shiga, aka rufe ƙofa, suka bi bayan babbar motar.

Malam ya ce zai je Bauchi. Ya sa rana, hawan jini ya kwantar da shi. Ya warke ya sake sa rana, aka ce hanya ba lafiya. A waya kuwa ya ce irin wannan maganar ba a yinta sai ido da ido, Alhaji ma ba ya ɗaukar waya tun da ganinsa ya tafi. Da damina ta kewayo Yaya ta kira ni, ta ce Alhaji ya rasu, an binne shi da safe.

Na shiga ɗaki na gaya wa Malam. Ya yi salati, sannan ya ce in tambaye ta ko Alhaji ya bar masa wani saƙo, ko da kalma ɗaya ce. Na fita tsakar gida na sake kiranta na tambaya. Ina jin numfashinta, ina jin tana neman abin da za ta ba ni. Yaya ba ta iya ƙarya ba. Ta ce bai bari ba.